Sanda Takwas A Cikin Injin Bitil: Tarihin Wani Ɗan Awo

Duk wanda ya yi wayo a shekarun 1970 da 1980 ya san Bitil, 'yar motar nan ta Volkswagen mai doron kunkuru, wadda injinta ke baya, ba ta da lagireto, ba ta shan ruwa, fanka ce kawai ke hura mata iska. Daga 1975 har haɗa ta aka riƙa yi a Ojo ta Legas. A wajenmu motar malaman makaranta ce da ƙananan ma'aikata. To amma a Amurka da Jamus da Burazil, wannan injin da muke raina wa gudu, da shi aka yi tsere na gaske. Kuma a cikinsa akwai wasu sanduna guda takwas, kowacce kaurinta bai wuce na biro ba, waɗanda tsawonsu ya hana makanikai da yawa barci.

Bari mu fara da aikin sandar, don kada mai karatu ya ɓace a hanya. Injin Bitil silinda huɗu gare shi a kwance, biyu dama biyu hagu. Kowace silinda tana da bawul biyu a kanta, ɗaya na shigar da mai da iska, ɗaya na fitar da hayaƙi. Abin da ke buɗe bawul ɗin kuwa, wato kamshaf, yana can tsakiyar injin, ƙarƙashin karanshaf, nesa da su. Kamshaf yana da tozo huɗu kacal, kowane tozo yana yi wa bawul biyu aiki, ɗaya a wannan ɓangare ɗaya a wancan. In tozo ya juyo sai ya ture wani ɗan ƙarfe, ɗan ƙarfen ya ture sanda, sanda ta ture roka, roka ta danna bawul. Sandar nan ita ce ɗan aike tsakanin kamshaf da bawul. Ta alminiyom ce, cikinta rami ne da baƙin mai ke bi ya hau zuwa roka, bakinta biyu na baƙin ƙarfe. A injin 1600 tsawonta ya kusa milimita 280.

Ferdinand Porsche, wanda ya tsara motar a shekarun 1930, ba tsere ne a ransa ba. Mota mai araha aka nema, mai jure wahala, kuma kamshaf ɗaya da sanda takwas sun fi sauƙin ƙerawa da gyara. Matsalar ba ta fitowa sai an matsa wa injin. Injin 1200 yana ba da ƙarfin doki 34 a ma'aunin Jamus idan yana juyi 3,600 a minti. Ka kai shi juyi 6,000, kowane bawul zai buɗe ya rufe sau hamsin a daƙiƙa ɗaya. A wannan gudu doguwar sanda takan lanƙwashe kamar kara ta miƙe, saƙon da tozo ya aika ya isa a makare, ko ya isa a gurguje.

Masu kuɗi ba su tsaya wahala da ita ba, jefar da ita suka yi. Kamfanin Norton na Ingila ya ɗora kamshaf a kan silinda a baburansa na tsere ƙirar Manx. Kamfanin Porsche, wanda motocinsa na farko ƙirar 356 injinsu jinin Bitil ne, ya sa injiniya Ernst Fuhrmann ya ƙera sabon inji mai kamshaf huɗu don motar tsere ta 550, ya fito a 1953 da ƙarfin doki 110 daga lita ɗaya da rabi, ba sanda ko ɗaya a cikinsa. Sai dai injin nan saita shi kaɗai aikin gwani ne, kuɗinsa kuwa ba a magana. Su Phil Vincent da Phil Irving a garin Stevenage sai suka bi tsaka-tsaki: suka ɗaga kamshaf ɗin baburansu sama don sandar ta gajarce ta yi ƙwari. A kan irin wannan babur ne Rollie Free ya kwanta rub-da-ciki, daga shi sai ɗan kamfan wanka, ya haura mil 150 a awa a filin gishiri na Bonneville a watan Satumba na 1948.

Wanda ba shi da kuɗin jefar da sanda fa? Dole ya koyi auna ta. Nan ne labarin ya fi yi mini daɗi.

A 1959 wani dillalin Volkswagen a jihar Fulorida, Hubert Brundage, ya sa Enrico Nardi na Italiya ya ƙera masa 'yar motar tsere mai kujera ɗaya da kayan Bitil. Daga nan aka samo gasar da ake kira Formula Vee, wadda ta kankama a Amurka a 1963, ta bazu zuwa Turai da Burazil da Afirka ta Kudu. Dokarta mai tsauri ce: injin 1200 na Bitil, da kayan kamfani, ba a yarda ka canza kamshaf ba. Emerson Fittipaldi da Niki Lauda da Keke Rosberg duk ta nan suka biyo kafin kowannensu ya zama zakaran duniya. Tunda inji iri ɗaya ne a hannun kowa, abin da ya rage wa bakanike shi ne awo da daidaito, ya tabbatar ɗan buɗewar da tozo ya bayar ya isa bawul bai zube a hanya ba.

A Kalifoniya kuwa, inda ake tseren miƙaƙƙiyar hanya na rubu'in mil, ba irin wannan takunkumi. Shagunan irin su EMPI na Joe Vittone, masu motar nan Inch Pincher, da na Gene Berg, sun riƙa sake fasalin injin yadda suka ga dama, kuma kusan duk abin da suka taɓa sai ya canza nisan da ke tsakanin kamshaf da roka. In aka fefe kan silinda don ƙara matsi, kan ya matso ciki, sandar kamfani ta yi tsawo. In aka sa karanshaf mai dogon taku, misali milimita 78 ko 82 a maimakon 69 na injin 1600, aka yi wa silinda ƙari a gindi, injin ya buɗe, sanda ta gaza. In aka sake wasa tsohon kamshaf don tozonsa ya ƙara tsini, bayansa aka rage, nan ma sanda ta gaza. In aka canza roka daga mai ninkin 1.1 zuwa mai 1.25 ko 1.4, lissafi ya sake tashi. Wani lokacin ma ɓangaren dama da na hagu na inji ɗaya ba sa zuwa daidai.

Mai karatu zai ce, ai akwai sukurun saiti a kan roka, me zai hana a murɗa shi ya cike giɓin? Zai cike, amma ya ɓata wani abu. Roka ba miƙe take sauka ba, lilo take yi, bakinta yana ɗan goga kan bawul. Abin da ake so shi ne, lokacin da bawul ya buɗe rabi, sukurun ya yi saiti da ƙafar bawul ɗin sak. In ya karkace, turin zai riƙa zuwa ta gefe, ramin da bawul ke zirga-zirga a ciki ya cinye, inji ya fara shan mai, buɗewar kuma ta ragu. Don haka sai aka fito da tsari: a fara daidaita tsayin roka da siraran washa a ƙarƙashinta, sa'annan a saka sandar gwaji mai zare wadda ake ƙara mata tsawo ko a rage, a auna, sa'annan a yanka sandunan gaske a kan wannan awo. In ta yi tsawo a sake ragewa. In ta gaza kuwa, sai bola.

Sai kuma zafi, wanda a ganina shi ne asalin dalilin da ya sa maganar ta fi tsanani a inji mai sanyin iska. Injin da ba ruwa a jikinsa yakan yi zafi ƙwarai, kuma na Bitil haɗin gambiza ne: akwatin injin na maganiziyom, silinda ta ƙarfen zubi, kanta na alminiyom. Kowanne da irin kumburinsa, kuma alminiyom yana miƙewa kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe. Mu yi ɗan lissafi. Sanda mai milimita 280, in zafinta ya ƙaru da digiri 80, ta alminiyom za ta ƙara kusan rabin milimita, ta baƙin ƙarfe kuwa kusan rubu'i. Bambancin rubu'in milimita ke nan. To, ratar da kamfani ya ce a bari tsakanin roka da bawul in inji ya huce, milimita 0.15 ce. Ka ga bambancin ya fi ratar kanta. Ɗan hakin da ka raina ke nan.

Masu tsere sun koma wa sandar baƙin ƙarfe don ta fi jure matsin sifirin mai ƙarfi ba ta lanƙwashe ba. Amma tunda ba ta miƙewa kamar yadda injin ke buɗewa, in aka bar mata ratar kamfani, da an yi zafi sai ratar ta yi yawa, inji ya kama kwaramniya, roka na dukan kan bawul. Shi ya sa masu irin wannan sanda ke saita ta babu rata sam a sanyi, iyaka dai ta iya juyawa tsakanin yatsu biyu, su bar zafi ya buɗe abin da ake buƙata. Wanda kuma ya yi wa sandar alminiyom wannan saiti ya jawo wa kansa. Bawul ɗin hayaƙi ba ya huce zafinsa sai ya zauna daram a mazauninsa. In sanda ta tokare shi bai zauna ba, sai ya ƙone, ko kansa ya guntule ya faɗa kan fistan, inji ya tashi aiki a tsakiyar fili. Silinda ta uku ta fi shan wannan azaba, domin na'urar sanyaya baƙin mai tana tare mata iska, sai a 1971 kamfani ya matsar da ita gefe.

Bitil ta ƙarshe mai sanyin iska ta fito daga masana'antar Puebla ta Meziko ranar 30 ga Yuli, 2003, bayan an ƙera fiye da miliyan 21. Gasar Formula Vee kuwa ba ta mutu ba, haka ma tseren tsofaffin Bitil. Masu sayar da kayan injin har yanzu suna sayar da sandunan takwas-takwas da tsawo fiye da kima, an dasa musu baki ɗaya, ɗaya bakin a ƙulle cikin leda, sai bakanike ya auna injinsa ya yanka kafin ya buga shi.