Wasa 9999 A Kaset Ɗaya: Tarihin Saɓanin Takarda Da Na'ura

Duk wanda ya yi ƙuruciya a ƙasar Jega, Aliero ko Maiyama cikin shekarun 1990, da wuya a ce bai taɓa tsugunawa gaban akwatin talabijin yana jiran layi ya zo kansa ya buga gem ba. Mu yaran Katanga a cikin garin Jega muka fara ganin wannan na'ura, a gidajen ma'aikata da na fatake masu zuwa Kano da Legas. Tana zuwa a kwali mai zane-zane, da abin latsawa guda biyu, da 'yar bindigar roba, da ɗan littafin bayani, sai kuma kaset, galibi rawaya, wanda aka rubuta a goshinsa cewa yana ɗauke da wasanni 999, wani ma 9999. Mun tashi a gidajen da ake girmama rubutu, inda ko guntun takarda aka gani a ƙasa sai an ɗauke. Saboda haka ba mu kawo wa ranmu cewa abin da aka buga da injin ɗab'i zai iya zama ƙarya ba.

To amma ƙarya ce, kuma lissafi kaɗai ya isa ya tona ta. Wasan Super Mario Bros. na 1985, wanda kusan kowane irin wannan kaset ke farawa da shi, girmansa kilobait 40 ne. Idan aka ninka wannan sau 9999, za a tashi da wajen megabait 400, alhali kaset na wancan zamani bai ko kusa da ɗaukar haka ba. Abin da ke ciki wasanni ne 'yan ƙalilan, irin su Mario da wasan tankar yaƙi da harbin agwagi, aka yi ta maimaita su. Lamba ta 7 Mario ce, lamba ta 212 ita ce dai amma an fara daga wani mataki, can gaba kuma ga ta an sauya mata launi. Yaro sai ya yini yana gangarawa cikin jerin sunaye yana neman sabon abu, har NEPA ta ɗauke wuta.

Wannan saɓani ba a kanmu aka fara shi ba, ya girmi zuwan na'urar ƙasar Hausa. A Amurka, tun zamanin na'urar Atari 2600 da ta fito a 1977, masu zane kan ƙawata kwali da hoton jarumai da jiragen sama kamar na silima, mai saye ya kai gida ya tarar da 'yan murabba'ai suna tsalle. Kamfanoni suka yi yawa, kaya marasa kyau suka cika kantuna, mutane suka daina yarda da kwali. A 1983 kasuwar ta rushe, har kamfanin Atari ya haƙa rami a garin Alamogordo ya binne dubban ɗaruruwan kaset da suka yi kwantai. An daɗe ana ɗaukar labarin kamar tatsuniya, sai a 2014 aka tona wurin aka same su.

Kamfanin Nintendo na birnin Kiyoto a Japan, wanda ya fara da buga karta tun 1889, shi ya ɗauki darasi. Ya fitar da na'urarsa Famicom a Japan a watan Yuli 1983, da zai kai ta Amurka a 1985 da sunan NES sai ya yi dabaru uku: ya sa hoton wasan kamar yadda yake a talabijin a kan kwalayen farko, ya buga hatimin inganci, ya kuma dasa wani ɗan makulli a cikin na'urar don kada ta karɓi kaset ɗin da bai amince da shi ba. Abin lura a nan shi ne, ta Japan ɗin ba ta da wannan makulli. Ita ce masana'antun Taiwan da Sin suka kwaikwaya, ita ce ta biyo jirgin ruwa zuwa Legas, ta ratsa kasuwar Alaba da ta Sabon Garin Kano, ta biyo hanyar Kontagora ko ta Sakkwato ta sauka Jega. Bayan karya darajar naira da aka fara a 1986, uba mai albashi ba ya iya tunkarar ta asali, ta kwaikwayon ce daidai aljihunsa.

Sai dai kada mai karatu ya zaci duk saɓanin da ke tsakanin littafi da wasa ha'inci ne. Akwai wanda tarihi ne kawai ya bar sawunsa, kuma a ganinmu shi ya fi daɗin bibiya. A wasan The Legend of Zelda, wanda ya fito a Japan a 1986, akwai wani dodo mai manyan kunnuwa kamar zomo, ana ce masa Pols Voice. Littafin bayanin ya nuna cewa wannan dodo ba ya jure ƙara. A Japan maganar gaskiya ce tsantsa, domin abin latsawa na biyu na Famicom yana da makirfo a jikinsa. Yaro ya kafa baki ya yi ihu, dodon ya mutu. Da aka kai wasan Amurka a 1987, na'urar can ba ta da makirfo, amma mai fassara ya bar jumlar yadda take. Yara suka yi ta busa sarewar da ke cikin wasan a gaban dodon, ko gezau. Ashe kibiya ce maganinsa, littafin kuwa bai ce komai game da ita ba a wannan wuri. Babu wanda ya yi niyyar cuta. An sauya ƙarfe ne aka manta da takarda.

Haka kuma wasan Final Fantasy na 1987: an bayyana wasu tsafe-tsafe da makamai da aikin da kowanne ke yi, amma saboda kuskuren masu tsara shi, wasu ba sa yin komai. Dalili a fili yake. Ana tura littafi maɗaba'a tun kafin a gama wasan, shi kuma kaset da zarar an rufe shi an rufe ke nan, babu gyara.

Na ha'incin kuwa, ko a Amurka bai mutu ba. A 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi, wani kamfani mai suna Active Enterprises ya fitar da kaset Action 52 a kan dala 199, ba da izinin Nintendo ba. Da yawa daga wasannin 52 ɗin sukan sandare ana cikin yi. Har gasa aka sa ta dala 104,000 ga wanda ya kai wani mataki a ɗaya daga cikinsu, alhali wasan kan tsaya cak kafin a isa wurin. Namu rabon daga wannan sana'a ya zo bayan fitowar PlayStation a 1994, lokacin da aka riƙa zuba tsohuwar Famicom ta kwaikwayo cikin ƙoƙo mai kamar na sabuwar, da suna mai kama da nata. Uba ya biya kuɗi, cinikin biri a sama, a zo gida a ɗaga murfin da ya kamata a sa faifai, sai ga ramin kaset. Mun san gidan da aka yi haka ana gobe Sallah, kuma mai shagon ya rantse shi ma bai taɓa buɗewa ba. Wataƙila da gaskiyarsa.

Littafin da ke cikin kwalin namu ma abin kallo ne: wani da rubutun Sinanci, wani da Turancin da ko malaminmu na Ingilishi ya kasa warwarewa, wani yana kwatanta maɓallan da babu su a jikin na'urar. Muka ajiye shi, muka koma ga abin da muka gada, wato karɓar ilmi daga baki. Wani yaro ya gano inda ake shiga bututu a tsallake matakai, kafin mako ya zagayo labarin ya kai Aliero.

Yanzu ɗan littafin ya kusa ɓacewa. Kamfanin Ubisoft ya sanar a 2010 cewa zai daina buga shi a takarda, kuma intanet ta sa ana gyara wasa bayan an sayar. Ɗalibanmu a waya suke wasa, kwalin nasu shi ne tallar da ke faɗo musu a fuska. A 2020 hukumar kula da tallace-tallace ta Birtaniya ta hana wasu tallolin wasannin Homescapes da Gardenscapes, saboda abin da ake nunawa a tallar ɗan ƙanƙanin yanki ne na wasan, wanda mai wasa zai daɗe bai gamu da shi ba. Da muka ba 'yan aji labarin kaset mai wasa 9999, wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce ita ma ta ƙarar da datar mahaifiyarta a kan irin wannan talla.