KUJERAR JIRGIN SAMA A LOKACIN YAƘIN HITLER: WA YA SAMU, WA YA RASA?

Duk wanda ya kalli fim ɗin Casablanca na 1942 zai tuna cewa rigimar gaba ɗayanta a kan abu guda take: wa zai samu takardar hawa jirgin sama zuwa Lisbon? A fim ɗin masu gudun Hitler ne ke neman kujera. To amma a daidai wancan lokaci, a ɗaya gefen Tekun Atlantika, akwai wasu mutanen da ke neman kujera ido rufe domin su koma ƙasar Hitler ɗin. Su ne ma'aikatan jiragen ruwan kasuwanci na Jamus, waɗanda yaƙi ya rutsa da su a ƙasashen waje.

Da yaƙi ya ɓarke a watan Satumba na 1939, sojan ruwan Ingila ya tsare teku. Jiragen dakon kaya da na fasinja na Jamus suka ruga suka fake a tashoshin ƙasashen da ba su shiga yaƙin ba, irin su Burazil da Meziko da Ajantina. Zama ba daɗi, fita kuma halaka. Dubi abin da ya samu Columbus, wani ƙaton jirgin fasinja da ya fito daga Veracruz ta Meziko da niyyar sulalewa gida. Ranar 19 ga Disamba, 1939 jirgin yaƙin Ingila ya tare shi. Maimakon su miƙa shi ga abokan gaba, sai ma'aikatansa suka cinna masa wuta suka nutsar da shi da hannunsu. Jirgin yaƙin Amurka mai suna Tuscaloosa ne ya kwashe su, mutum fiye da 570, ya kai su New York.

Akwai wata hanyar ta zagaye: a ratsa Tekun Fasifik zuwa Japan, daga nan a hau jirgin ƙasa a keta Rasha. Ita ma Ingila ta sa mata ido. Ranar 21 ga Janairu, 1940 jirgin yaƙinta ya tsayar da jirgin fasinjan Japan, Asama Maru, dab da gaɓar Japan ɗin, ya sauke Jamusawa 21. Japan ta yi fushi ƙwarai, har aka mayar mata da tara daga cikinsu, amma saƙon ya isa. A watan Yuni na 1941 kuwa, da Hitler ya auka wa Rasha, hanyar ta toshe ɗungurungum.

Saura sama ke nan. Jiragen Pan Am na Amurka masu zuwa Lisbon sukan yada zango a tsibirin Bamuda, wanda ke hannun Ingila, don haka Bajamushe mai hankali ba zai kai kansa can ba. Nan ne kamfanin jiragen saman Italiya mai suna LATI ya shigo labarin. A Disamba 1939 ya fara jigila tsakanin Rum da Rio de Janeiro, kuma Bruno, ɗan Mussolini na cikinsa, yana cikin manyan kamfanin. Jirgin kan tashi daga Rum ya sauka a Seville ta Sifen, ya gangara Villa Cisneros a gaɓar Sahara, ya tsallaka tsibirin Sal na Kef Bad, sannan ya yi doguwar ƙetarawa zuwa arewa maso gabashin Burazil. Babu inda ya taka ƙasar da Ingila ke iko da ita. Ko bayan Italiya ta shiga yaƙin a Yuni 1940, jigilar ba ta tsaya ba.

Sai dai fa mai karatu kada ya kawo a ransa irin jiragen da ke kwasar alhazai a yau. Jirgin Savoia-Marchetti SM.83 mai inji uku da LATI ya fara aiki da shi, kujerunsa ba su wuce goma ba, kuma idan za a ƙetare teku, mai da wasiƙu da kaya ne ke cinye nauyin. Ga ma'adinai irin su lu'ulu'un masana'antu da Jamus ke matuƙar bukata, ga jakadu, ga 'yan leƙen asiri. Shin a wannan layin, ina mai zuba gawayi a injin jirgin ruwa zai tsaya? A ganina, wannan shi ne ainihin labarin. Kujerar ba ta wanda ya fi kewar matarsa da 'ya'yansa ba ce, ta wanda yaƙi ke da bukatarsa ce: hafsa, injiniya, gwanin sarrafa jirgi.

Shi ya sa sunayen da tarihi ya fi riƙewa na hafsoshin soja ne, musamman na jirgin yaƙin nan Graf Spee da aka nutsar a bakin Montevideo ranar 17 ga Disamba, 1939. (Masu son tsofaffin finafinai sun san labarin a The Battle of the River Plate na 1956.) An tsare mutanensa a Ajantina, amma da dama daga hafsoshin suka tsere, wasu ta wannan hanya ta sama. Komawar ba ta yi wa kowa rana ba. Paul Ascher ya isa gida lafiya, aka tura shi jirgin Bismarck, ya nutse tare da shi a Mayu 1941.

Yadda aka rufe ƙofar kuwa, kai ka ce marubucin labari ne ya tsara. 'Yan leƙen asirin Ingila da ke aiki daga New York ƙarƙashin William Stephenson suka ƙirƙiri wasiƙar bogi da sunan shugaban LATI, Janar Aurelio Liotta, wadda a ciki aka ci mutuncin shugaban Burazil Getúlio Vargas da mutanen ƙasarsa. Aka san yadda aka yi ta isa hannun Vargas. Wasiƙar ta yi aikinta, ko da yake abin da ya fi karya kamfanin shi ne matsin lambar Amurka da kuma yanke masa man jirgi da yake samu daga reshen Standard Oil a Burazil. A Disamba 1941 jiragen LATI suka daina tashi, a Janairu 1942 Burazil ta yanke hulɗa da Jamus da Italiya.

Su kuwa mutanen Columbus, bayan an yi ta yawo da su daga New York zuwa tsibirin Angel kusa da San Francisco, a 1941 aka kai kimanin 400 daga cikinsu sansanin Fort Stanton da ke jihar New Mexico, nesa da kowane teku. A can suka yi lambuna, har suka gina wa kansu tafkin wanka na siminti. Ba su ga Jamus ba sai 1945.