Algaita da ƙanwarta ta Turai: yadda ake koyon sautin farko

 Yau tarihi za mu taɓa, tarihin busa, kuma daga ƙasar Gumel za mu tashi, wato Gumel ɗin kanta da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan Sallah ya san muryar algaita, muryar nan mai kaifi da ke ratsa ganguna ta fito sama. Tambayata ita ce, mai busar nan, ranar da ya fara, me aka fara koya masa? Don mu ji daɗin amsar, zan ajiye algaita kusa da wata 'yar uwarta ta Turai mai suna basun.

Basun abin busa ne na katako, dogo, mai kaurin murya. Bututunsa ya kai kusan mita biyu da rabi, shi ya sa ake naɗe shi gida biyu don a iya riƙewa. Zumuncinsa da algaita a baki yake. Dukkansu da ɗan harshe mai leɓe biyu ake busa su, sirara biyu da ke karkarwa suna bugun juna idan iska ta ratsa tsakaninsu. Ita kanta kalmar algaita daga Larabci ta zo, mutanen Maroko da Aljeriya har yau suna da tasu gaitar.

A Faransa, cikin ƙarni na 17, aka mayar da basun mai gaɓoɓi huɗu da ake harhaɗawa. Vivaldi na Italiya ya rubuta masa manyan kiɗe-kiɗe sama da 30, Mozart ya rubuta nasa a 1774 yana ɗan shekara 18. A 1831 wasu Jamusawa biyu, Carl Almenräder da Johann Adam Heckel, suka buɗe masana'anta a garin Biebrich, kuma tsarin maɓallan da suka gyara shi ne mafi yawan duniya ke bi yanzu.

To ga yadda ɗan koyo ke farawa. Ranar farko ba ya ma ɗaukar basun ɗin. Ɗan harshen ake ba shi, ya jiƙa a ruwa na 'yan mintoci, ya sa a leɓe ya hura shi kaɗai. Ƙarar da ke fita ba ta da daɗin ji ko kaɗan, Turawa ma cara suke ce mata, kamar ta zakara. Sai ta fita daidai sannan a haɗa masa kayan. Sautin farko da aka saba farawa da shi shi ne fa, don ba ya buƙatar toshe rami ko ɗaya, babban yatsan hagu kawai ke danne wani ɗan maɓalli a baya. Ka ɗora yatsa ɗaya ka sami mi, biyu re, uku do. Daga nan hannun dama ya shigo, a ci gaba da gangarowa har a haɗa sautuka takwas a jere, a hau su a sauko kamar tsani. Wannan tsanin shi ne aikin watannin farko, safe da yamma. Wahalar tana ga babban yatsan hagun nan, don maɓallan da ke jiransa sun kai tara.

Abin lura shi ne duk matakan nan a rubuce suke. Tun ƙarni na 11 wani malamin coci a Italiya, Guido na garin Arezzo, ya tsara rubuta sauti a kan layuka, daga gare shi kuma sunayen re, mi, fa suka samo asali. Don haka yarinya a Japan da dattijo a Brazil za su iya buɗe littafi iri ɗaya su fara, ko da kuwa a zuriyarsu babu wanda ya taɓa busa.

Mu dawo gida. Masarautar Gumel ta kafu wajen 1750, Mangawa ne suka kafa ta, kuma ta daɗe tana bin Borno. Jihadin ƙarni na 19 bai shigar da ita ƙarƙashin Sakkwato ba. A 1845 fadar ta taso daga Tumbi, wadda ke cikin Nijar a yau, ta dawo inda take yanzu. Ta sha gwabzawa da Haɗejiya da Damagaram kafin Turawa su iso a 1903. Me ya kawo wannan cikin zancen busa? Fadar Borno fada ce ta algaita da ganga, Damagaram ma haka. Gumel tana zaune ne a tsakiyar wannan yanki, ga Kano a kudu maso yamma, inda tarihi ya ce Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ya kawo kakaki. Busar da muke ji ranar Sallah gadon waɗannan fadoji ne.

Ita algaita ba ta da maɓalli. Jikin katako ne da aka lulluɓe da fata, galibi ramuka huɗu, da siririn bututun ƙarfe, da wani ɗan faifai da leɓe ke jingina a kansa. Mai basun da leɓensa yake matse harshen yana sarrafa shi. Mai algaita kuwa zura harshen yake gaba ɗaya cikin baki, ya bar shi yana karkarwa, bakin ya zama kamar zugazugin maƙeri. Kumatun nan da muke gani sun kumbura, yara suna dariya, can ne aikin yake. Iskar da ya tara a kumatu ita yake turawa cikin algaita a daidai lokacin da yake shaƙar sabuwa ta hanci, shi ya sa busar ba ta yankewa. A ƙasashe da dama da tsinken shan lemo da kofin ruwa ake koyon wannan, kana hura kumfa kana numfashi, kada kumfar ta tsaya. Ku gwada a gida ku gani, wallahi sai kun ƙware kafin ku ƙware.

Bayan numfashi sai yatsu, kuma a nan hanyar ta rabu da ta Turai. Ɗan gidan masu algaita ba tsanin sauti ake ɗora shi a kai ba, take ake koya masa. Hausa harshe ne mai hawa da sauka, kowace gaɓa tana da karinta, sama ko ƙasa ko faɗuwa. Algaita bin wannan karin take yi, har wanda ya san taken ya ji kalmomin a ciki. Kenan yaron yana koyon inda zai sa yatsa, yana kuma haddace kirarin sarki da na hakimai, da na wanda ya riga su, da lokacin da ya dace a busa kowane. A ganina wannan makaranta ta fi ta basun nauyi, don darasin kiɗa da darasin tarihi ne a haɗe.

Rauninta ɗaya, a ƙirjin mutum take. Sana'ar gado ce, uba ya ba ɗa, ɗa ya bi shi fada yana saurare. Mu kuma da muka yi boko mun san kallon da ake wa makaɗa da maroƙa, mun san gidajen da ba sa ba su aure. Yaron da ya ji wannan a makaranta, da wane ƙarfin gwiwa zai ɗauki algaitar babansa? In ya ajiye ta ya tafi acaba ko kasuwar Maigatari, ba na ganin laifinsa. Sai dai taken da ke bakin tsohon, in babu magaji, tare za a rufe su.

Baƙi sun ga darajar abin tun tuni. David Ames da Anthony King sun fitar da ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971. Yusef Lateef, shahararren mabushin jaz na Amurka wanda basun na cikin kayan da yake busawa, ya buga littafin tsanukan sauti a 1981, a shekarar kuma ya zo Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya zauna har 1985 yana binciken kiɗanmu, musamman sarewar Fulani.

Yanzu kowannenmu yana da kyamara a aljihu. Ranar Sallah wayoyi dubu ne a sama, dawakai da rawuna muke ɗauka, mai algaita ya wuce a gefen hoto na daƙiƙa biyar. Abin da nake so a ɗauka shi ne darasin farko. A nemi izinin fada, a je gidan masu busa da ɗan abin hasafi, a zaunar da dattijo ya nuna yadda yake yanka harshen da abin da yake yanka shi da shi, yadda ya koyi riƙe iska, taken da aka fara ba shi, da kalmomin da ke cikin kowane. A ɗauki yatsunsa kusa-kusa, a rubuta kirarin a ƙasan bidiyon. Ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Gumel da ke neman abin rubuta kundin kammalawa, ga aiki nan a ƙofar gidanku.

Wanda ya san gidan masu algaita a garinsu, daga Gagarawa har Sule Tankarkar, ya faɗa mana sunan garin a ƙasa. Sai mun haɗu a shiri na gaba.