Isawa: Daga Kasuwar Kano Zuwa Wusasa

 Yau zan ɗauko wani shafi na tarihin Kano da ba a cika buɗe mana shi a makaranta ba, wato labarin Isawa.

A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau gadon sarauta a 1855, an yi wani malami a birni mai suna Malam Ibrahim. Masanin Alƙur'ani ne. Cikin karatunsa sai ya tsaya a kan ayoyin da suka ambaci Annabi Isa, ya riƙa ba shi wani matsayi na musamman a koyarwarsa. Almajirai suka taru a wajensa, aka fara kiransu Isawa.

A nan sai mu lura. Malam Ibrahim bai taɓa ganin coci ba, babu ɗan mishan da ya koyar da shi. Abin da ya fahimta daga karatunsa ne ya riƙe. Amma hukuma ta ga koyarwar a matsayin barazana. Aka kira shi, aka nemi ya janye, ya ƙi. Wajen shekarar 1867 aka tsire shi a kasuwar birni, a gaban jama'a, don ya zama izina ga na baya.

To, kisan bai kashe maganar ba. Mabiyansa suka watse, wasu suka nufi duwatsun Ningi, inda tun kafin nan malaman da suka saɓa da sarakunan Kano suke samun mafaka. Suka rayu a ɓoye shekara da shekaru, suna gadar wa 'ya'yansu abin da suka ji.

A 1900 wata tawagar mishan ta CMS ƙarƙashin Bishop Tugwell ta iso Kano, Sarki Alu ya sallame su ba tare da ɓata lokaci ba. Cikin tawagar akwai wani likita daga Ingila, Walter Miller, wanda daga baya ya zauna a birnin Zariya. A 1913 ne wasu daga zuriyar Isawa suka je wajensa. Da yawansu suka karɓi addinin Kirista, aka kafa musu mazauni a Gimi, cikin ƙasar Zazzau.

Ko a Gimi jarrabawa ba ta ƙare ba. Cutar barci, wadda ƙudan tsando ke yaɗawa, ta faɗa wa garin, ta kashe mutane da yawa. Waɗanda suka tsira suka koma Zariya, sannan a 1929 mishan ta tare a Wusasa. Wusasar nan ce ta fitar da Dakta R.A.B. Dikko, likita na farko ɗan Arewa kuma cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. A 1932 kuma cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa, aikin da Miller ya sa hannu sosai.

Hausawa Kiristoci suna auna wannan labari da abin da ke cikin Ayyukan Manzanni sura ta 5, inda Bitrus ya shaida wa majalisa cewa umarnin Allah ne a gaba da na mutum. A wurinsu biyayya ga Allah na iya jawo asarar gida, dangi, har rai, kuma duk da haka ba a ja da baya. Isawa ba su ɗauki makami don ramuwa ba. Haƙuri da hijira suka zaɓa.

Ni abin da nake so mu ɗauka shi ne wannan. Har yau idan matashi ya ce shi Bahaushe ne kuma Kirista, za ka ji ana tambaya, "Kai ɗan ina ne asali?" Alhali wasunsu kakanninsu daga cikin ganuwar Kano suka fito. Ba dole ne ka yarda da aƙidar mutum ba kafin ka yarda cewa bai cancanci a zubar da jininsa saboda ita ba. Sashe na 38 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin addini, amma takarda ba ta kare maƙwabci idan unguwa ta yamutse. Mu ne za mu kare shi.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Ku huta lafiya.