Gidan Isono: Tarihin Majigin Zane na Iyali a Ƙasar Japan

Gabatarwa

A wannan takarda za a dubi tarihin majigin zane mai motsi wanda Japanawa ke yi wa yara don nuna musu zaman yau da kullum. An ɗauki shirin Sazae-san a matsayin misali domin ya fi sauran daɗewa. Abin da ake son tabbatarwa shi ne, labarin da ya faro yana bin zamani sau da ƙafa ya koma taskar wani irin zaman iyali da ke ɓacewa.

Asali

Kafin ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, hukuma ta yi amfani da majigin zane wajen cusa wa yara son yaƙi. Alal misali, rundunar sojan ruwa ce ta sa aka yi dogon majigin Momotaro na 1945. Da aka ci Japan da yaƙi sai al'amura suka juya. Sabon tsarin mulki ya fara aiki a 1947, aka kuma gyara dokar iyali, aka rushe tsohon tsarin da ya ɗora ikon aure da gado a hannun maigida.

A cikin wannan hali ne wata mai zane, Hasegawa Machiko, ta fara buga labarin Sazae a wata jaridar garin Fukuoka a 1946. Daga 1949 labarin ya koma jaridun kamfanin Asahi, ya ci gaba har 1974. Sazae mace ce mai baki, ba ta shakkar mijinta. A farkon zanen an ga layin karɓar abinci da ƙuncin bayan yaƙi, daga baya kuma aka ga shigowar kayan lantarki cikin gidaje. Watau jarida ta tafi da zamani.

Daga Jarida zuwa Telebijin

Ran 5 ga Oktoba 1969 tashar Fuji ta fara nuna Sazae-san, kowace Lahadi da ƙarfe shida da rabi na yamma, lokacin da iyali ke haɗuwa don cin abinci. Kamfanin Toshiba ya ɗauki nauyinsa tun daga farko har zuwa 2018. A 2013 kundin Guinness ya shaida cewa babu shirin zane na telebijin da ya kai shi daɗewa.

Mutum bakwai ne a gidan Isono: Namihei da matarsa Fune, da 'ya'yansu uku, Sazae da Katsuo da Wakame, sai Masuo mijin Sazae wanda ke zaune gidan surukansa, da ɗansu Tarao. Kowane mako ana kawo gajerun labarai uku. Ba a tara yara a yi musu wa'azi. Yaro yakan ga yadda ake tuɓe takalmi a bakin ƙofa, da godiyar da ake yi kafin a taɓa abinci, da gaisuwar maƙwabta, da bukukuwan shekara kamar watsa wake a watan Fabrairu don korar sharri. In Katsuo ya ɓoye takardar jarrabawa, asirinsa ya tonu, uba ya daka masa tsawa, daga nan a zauna a ci abinci tare. Darasin ke nan: laifi yana jawo faɗa, amma ba ya raba gida.

Gidan da Ya Tsaya Cik

Sai dai fa, telebijin bai bi sawun jarida ba. Shekara hamsin da ɗoriya Katsuo yana aji biyar na firamare, ana cin abinci a zaune a ƙasa kewaye da gajeren tebur, wayar gidan kuma tsohuwar baƙar nan ce. A waje kuwa ƙasa ta sake. A 1955 matsakaicin gida a Japan yana da kusan mutum 5. A ƙidayar 2020 ya sauko zuwa 2.21, kuma kashi 38 cikin ɗari na gidaje mutum ɗaya ne tak a ciki. Har ila yau, shirin Chibi Maruko-chan da ya fito a 1990 ya bi wannan hanya, domin ya koma da labarinsa shekarun 1970, cikin gida mai kaka da jika.

Kammalawa

Saboda haka, yaron Tokiyo da ke kallon gidan Isono yana koyon abu biyu: ladabin da har gobe ake bukata, da kuma siffar gidan da galibi bai taɓa kwana a irinsa ba. Wajibi ne manazarci ya rarrabe su, kada ya ɗauki abin da al'umma ke kewa a matsayin shaidar yadda take zaune.