Saƙon Fumban da Asalin Unguwar New Bell

Duk wanda ya taso daga Ndogbong ya nufi tsakiyar birnin Duwala, da wuya ya kauce wa New Bell, unguwar da Hausawan Kamaru na bakin teku suka fi yawa a ciki. A nan masallatansu da mahautansu da rumfunan goro suke. Amma ba don Hausawa aka yanka unguwar ba. Asalinta rikicin ƙasa ne tsakanin Jamusawa da mutanen Duwala, rikicin da ya ƙare da rataye sarki a kan wani saƙo da har yau masana tarihi ke gardama a kansa.

A ranar 12 ga Yuli 1884 sarakunan Duwala, wato Sarki Bell da Sarki Akwa, suka sa hannu a yarjejeniya da wakilan kamfanonin Jamus. Sun miƙa mulki, amma an rubuta cewa filayen da suke nomawa da waɗanda garuruwansu ke kai za su ci gaba da zama nasu. Bayan shekara 26, a 1910, jami'in mulkin gundumar Duwala, Hermann Röhm, ya fito da shirin tayar da 'yan ƙasa daga gaɓar kogin Wuri, a mayar da su can ciki, a bar fili mai faɗin kilomita ɗaya babu kowa tsakaninsu da Turawa. Hujjar da aka bayar ita ce zazzaɓin cizon sauro, sai ka ce sauro yana auna kilomita. Sabon matsugunin da aka yanka wa gidan Bell shi aka kira Neu-Bell da Jamusanci.

Wanda ya jagoranci ƙin wannan shiri shi ne Rudolf Duala Manga Bell, jikan Sarki Bell ɗin da ya sa hannu a 1884. Ya yi karatu a garuruwan Aalen da Ulm na Jamus, ya gāji mahaifinsa a 1908, ya kuma san dokar Jamusawa sarai. Da ita ya yaƙe su. Ya rubuta takardun koke, ya buga waya zuwa majalisar dokokin Jamus a Janairun 1913, aka riƙe wayar har sai da umarnin ƙwace filayen ya fita. A watan Agusta na shekarar aka tuɓe shi. Sai mutanen Duwala suka tura sakatarensa, Adolf Ngoso Din, zuwa Jamus a ɓoye, ya haɗu da lauyoyi da 'yan jarida. A watan Maris 1914 kwamitin kasafin kuɗi na majalisa ya dakatar da kuɗin aikin. Ke nan a daidai wannan lokaci Manga Bell yana kan samun nasara ta hanyar doka.

A nan ne labarin ya rikice. A ƙarshen Afrilu 1914 wani mutum mai suna Ndame ya isa Fumban, fadar Sarkin Bamum Njoya, ya ce Manga Bell ne ya aiko shi. Abin da aka ce ya faɗa shi ne, sarakunan ƙasar su haɗa kai su juya wa Jamus baya, su nemi Ingila. Njoya bai amince ba. Ya sanar da 'yan mishan na Basel da ke garinsa, su kuma suka sanar da hukuma, aka tsare ɗan aiken. Da labarin ya isa Balin, sai ra'ayin majalisa ya juya, aka saki kuɗin. Aka kama Ngoso Din aka komo da shi Duwala, aka kama Manga Bell, aka tuhume su da cin amanar ƙasa.

Ya kamata ɗalibin harshe ya tsaya a kan wannan saƙo. Ba wasiƙa ba ce mai ɗauke da sa hannun Manga Bell, magana ce ta baka. Ta fito daga bakin ɗan aike, ta shiga kunnen sarkin da harshensa Bamum ne, ta bi ta hannun ɗan mishan, sannan ta zama rahoto da Jamusanci a teburin jami'an da suka daɗe suna neman abin da za su kama mutumin da shi. A kowace gaɓa ana iya ƙari ko ragi. Kalmar da ke nufin neman goyon baya a harshe ɗaya tana iya fitowa da ma'anar kiran tawaye a wani. Akwai masu ganin Manga Bell ya aika mutane neman kuɗi da goyon bayan sarakuna don ci gaba da koke, wanda ba laifi ba ne. Akwai masu ganin ya riga ya yanke ƙauna daga Jamus, ya fara shirin tawaye na gaske, kuma wannan ra'ayi ya fi karɓuwa a Kamaru, domin shi ya dace da siffar gwarzon ƙasa. Ralph Austen da Jonathan Derrick, waɗanda suka rubuta tarihin mutanen Duwala, sun yi shakkar cewa mutum irinsa zai ɗauki hanyar tawaye da makami. A ganina shakkar tana da tushe: me zai sa wanda majalisa ta fara saurara ya miƙa wuyansa ga sarkin da kowa ya san amininsu Jamusawa ne?

Shari'ar da za ta warware wannan ba ta samu ba. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, lauyoyin da aka ɗauka a Jamus ba su iso ba. Aka zauna ranar 7 ga Agusta 1914, aka yanke hukunci a ranar. Bishop Heinrich Vieter da sauran shugabannin mishan sun roƙi sassauci, Gwamna Karl Ebermaier ya ƙi. Washegari, 8 ga Agusta, aka rataye Manga Bell da Ngoso Din. Cikakken rubutun zaman kotun bai tsira ba. Hukuma ta ce ya amsa laifi, lauyan da aka ba shi kuwa daga baya ya ce bai amsa ba.

Ranar 27 ga Satumba 1914 sojojin Ingila da Faransa suka karɓi Duwala. Faransawa da suka gāji birnin ba su mayar da filayen Bonanjo ba, yawancin mutanen Bell kuma suka ƙi tarewa a inda aka tura su, suka zauna a Bali. Sai baƙi suka cika New Bell: Hausawa fatake da mahauta, Bamileke, Basa, Ewondo, da mutanen Najeriya da Dahome. Kowace al'umma ta sami yankinta da sarkinta, har da Sarkin Hausawa. A Jamus kuwa, a watan Disamba 2022, birnin Balin ya cire sunan Gustav Nachtigal, wanda ya kafa tutar Jamus a Duwala a 1884, daga wani dandali a unguwar Wedding, ya sa masa sunan Manga Bell.