Wasan da Amurka Ta Ƙi Ba da Aronsa

Da Fabrairu ta kama sai tsohuwar maganar nan ta sake tasowa, wai yaushe za a kai Super Bowl, wasan ƙarshe na ƙwallon Amurka, birnin Landan. Magajin garin, Sadiq Khan, ya fito fili ya ce yana so. Ni da nake raba dare saboda wasan nan, don sai wajen ƙarfe 12:30 agogon Najeriya ake take ƙwallo, ai da na fi kowa murna a ce an matso da shi. Sai dai tarihin abin bai ba ni ƙwarin gwiwa ba.

Tun ranar 15 ga Janairun 1967, da Green Bay Packers ta lallasa Kansas City Chiefs da maki 35 da 10 a Los Angeles, wannan wasan ƙarshe bai taɓa barin ƙasar Amurka ba. Abin da hukumar NFL ta riƙa aikawa ƙetare ɗanɗano ne kawai. Tashar Channel 4 ta fara nuna wa mutanen Birtaniya wasan a 1982, samari suka kamu da sonsa. A 1986 Chicago Bears, suna riƙe da kofi, suka zo filin Wembley na Landan suka kara da Dallas Cowboys a wasan share fage. Da yawa sun je ne don su ga ƙaton nan William Perry, wanda ake wa laƙabi da firji saboda girman jikinsa.

An taɓa ɗaga kofin ƙwallon Amurka a Wembley, amma ba babban ba. A 1991 NFL ta kafa wata gasa ta daban mai ƙungiyoyi a Amurka da Kanada da Turai, wasan ƙarshenta kuma aka sa masa suna World Bowl. A watan Yuni na shekarar London Monarchs ta doke Barcelona Dragons 21 da nema, a gaban mutum sama da dubu 60. A ganina ranar ce Landan ta fi kusa da cikar burinta: ƙungiyar gida, filin gida, kofi a hannu. Daga nan sai abu ya yi ta ja da baya. Aka dakatar da gasar shekara biyu, ta dawo a 1995 da ƙungiyoyin Turai zalla, Monarchs ta bar Wembley ta koma ƙananan filaye, 'yan kallo suka yi ta zamewa, bayan kakar 1998 aka rufe ƙungiyar. Jamusawa ne suka riƙe amana, har ta kai biyar daga cikin ƙungiyoyi shida na ƙarshe nasu ne. A 2007 NFL ta gaji da asara, ta tattara komatsanta.

A shekarar ce kuma ta sauya dabara, ta kawo wasan gaske mai maki. Ranar 28 ga Oktoba New York Giants ta ci Miami Dolphins 13 da 10 a Wembley, cikin ruwan sama da taɓo. A cikin 'yan Giants akwai Osi Umenyiora, haifaffen Landan ɗan asalin Najeriya, kuma su suka ɗauki Super Bowl na kakar. Tun kafin nan, a 2005, mutum fiye da dubu 103 sun cika filin Azteca na birnin Meksiko don kallon irin wannan wasa. Bayan Landan aka je Munich a 2022, São Paulo a 2024. Tottenham ma da ta gina sabon filinta a Landan, sai da ta shimfiɗa ciyawar roba ta NFL a ƙarƙashin ta ƙwallon ƙafa.

To me ya hana babban? Agogo da kuɗi. Amurkawa sama da miliyan 100 ke kallonsa, a 2024 tallar daƙiƙa 30 ta kai dala miliyan 7, kuma da almuru ake son su gaban talabijin. In aka fara da 6:30 na yamma a Landan, a Kaliforniya 10:30 ne na safiyar Lahadi, wasu suna coci. Ga kuma bashin alheri. Jihar Nevada ta zuba dala miliyan 750 na harajin otal a filin Las Vegas, a 2024 aka kai mata Super Bowl. Biranen da suka yi irin wannan ɗawainiya suna layi, kowanne da ƙungiyarsa da attajirin da ke da ƙuri'a a zauren masu ƙungiyoyi 32. Landan ba ta da kujera ko ɗaya a wannan zaure.